Tsakiya ta nutse ba tsaga, gefe kuma ya dare: me ke faruwa?

Sabon Safiyo:
Assalamu alaikum. Injiniyoyi a taimaka. An ɗora mini aikin auna nutsewar ƙasa a saman ramin kwal da ake haƙa da salon dogon bango, wato inda injin ke yashe kwal ɗin gaba ɗaya, a bar rufin ya rufta a bayan jak-jak ɗin da ke tokare shi. Kaurin kwal mita 3, zurfinsa kamar mita 200. Turakun awon da na kafa a tsakiya sun nutse mita 1.7, amma ƙasar wurin lafiya lau. Can gefe kuwa, inda nutsewar ba ta taka kara ta karya ba, ga tsaga har hannuna na shiga. Na'urata ce ke ƙarya? Kuma ogana na son mu bar turaku mu koma hoton tauraron ɗan'adam. Zai wadatar?

Tsohon Hannu:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Na'urarka gaskiya ta faɗa. Ba zurfin nutsewa ke tsaga ƙasa ba, miƙewa ce. Lanƙwasa ɗanyen reshe ka gani: ta bayan lanƙwasar ɓawo ke darewa, ta ciki matsewa yake yi. Tsakiyar kwarin nan matsewa take, bakinsa ne ake ja. Saboda haka kada ka tsaya ga tsayin turaku kawai, riƙa auna tazarar da ke tsakanin kowane biyu, ka fitar da milimita nawa ta ƙaru a kowace mita.

Layin turakunka ma ya kamata ya wuce iyakar ramin sosai. A New South Wales ta Ostareliya kusurwar da aka saba aiki da ita wajen gano inda nutsewa ke ƙarewa digiri 26.5 ce, wato tazarar rabin zurfin ramin daga iyakarsa, a naka mita 100 ke nan. A Ingila 35 suke ɗauka. Turken da kake jingina lissafinka a kansa, in yana cikin wannan da'irar, shi ma tafiya yake. Fatana dai ka yi awon farko tun injin bai iso ba.

Mai Taswira:
Batun tauraro, a gaya wa oga ya yi a hankali. Sentinel-1, jerin taurari masu auna ƙasa da radar, da aka harba na farkonsa a 2014, hotonsa kyauta ne, amma tsawon zangon radarsa santimita 5.6 ne kacal, kuma tauraro ɗaya sai bayan kwana 12 yake komowa. A saman injin ƙasa kan sauka santimita da dama a yini guda, abin da ya fi ƙarfin wannan gajeren zango, sai lissafin ya rikice, tsakiyar taswirar ta fito wayam. Ciyayi ma na ɓata shi. Inda yake da amfani shi ne gefe-gefe, da ragowar nutsewar da ke jan ƙafa watanni bayan an gama.

Sabon Safiyo:
Na gode manya. Awon farko akwai shi, alhamdulillah. To amma wata tsagar da na gani a tsakiya makon jiya yau ta rufe.

Tsohon Hannu:
Waccan mai bin injin ce, tana buɗewa in ya matso, ta rufe in ya wuce. Ta gefe ita ce mai zama. Kafa ƙusa biyu, ɗaya a kowane ɓangarenta, ka riƙa auna tsakaninsu kana ɗaukar hoto, ka rubuta inda injin yake a ranar. In akwai rafi mai shimfiɗar dutse a wurin, sa masa ma'aunin ruwa ta inda yake shigowa da ta inda yake fita, don tsagar gindin rafi kan shanye ruwan kafin kowa ya lura.