Wa ya san titin Mu'izz na Alƙahira da dare?

Ɗan Kofar Marke:
Salamu alaikum jama'a. Wata mai zuwa in sha Allahu zan raka Baba Misira ganin likitan ido, kuma ance bayan aiki sai mun ƙara kwana kamar goma kafin a sallame mu. Wani abokina yace lallai in kai shi titin Mu'izz da dare, wai babu mota sai ƙafa. To Baba ya haura saba'in kuma ga ciwon suga, shi ne nake tambaya wajen zai yi mishi ko wahala kawai zan ba shi? Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min gaskiya.

Tsohon ɗalibin Azhar:
Wa alaikumus salam, Allah ba Baba lafiya. Kai shi wallahi, shekara shidda na yi a garin nan kuma ban taɓa gajiya da wurin ba. Titin kusan kilomita guda ne, daga ƙofar Babul Futuh zuwa ƙofar Bab Zuwaila na tsohon birnin, sunan sarkin Faɗimiyyawa ne Almu'izz wanda a zamaninsa anka kafa Alƙahira a 969. Amma kada ku ce sai kun ƙure shi. Ku sauka Babul Futuh bayan isha'i, masallacin Alhakim na nan daf da ƙofar, sai ku gangaro a hankali har ginin Sarki Ƙalawun, wanda tun wajen 1285 akwai asibiti cikinsa, ka gaya ma Baba haka zai ji daɗi tunda magani ya kawo shi. Da dare ana haska gine-ginen da fitilu daga ƙasa, hasumiyoyin nan sai ka ga kamar yau anka gama su, ga iyalai da yara kowa na tafiya ba mai yi maka hon, ni abin da ya fi kama min rai kenan, ka ji muryar mutane ba ƙarar inji ba. In ya gaji ku ratsa kasuwar Khan Khalili ku zauna gidan shayin Fishawi, ya fi shekara 200, shayi da na'ana'a ko karkade, zoɓonmu ne dai. Kace musu "min ger sukkar" in ba haka ba za su zuba suga kamar ba gobe. Daren Alhamis da Juma'a cunkoso ya yi yawa, ku guje su.

Maman Khadija:
Ni maganar kayan zaƙin ce ta dame ni. Kunafa da basbusa duk cikin ruwan suga ake tsoma su, sun fi alkakinmu zaƙi nesa ba kusa ba, kuma ƙamshin kawai ya isa ya karya ma mutum niyya. Ɗana kada ka saya ka ci gabansa, haƙƙi ne. In kana so ka sayo ka kai masauki ka ci bayan ya yi barci. Kuma ƙasan dutse ne, a sa mishi takalmi mai taushi, ka riƙe hannunsa tunda idon bai gama warkewa ba.

Bawan Allah Runjin Sambo:
Ni duk sanda na ji irin wanga labari sai raina ya sosu. Mu ma fa muna da Hubbaren Shehu da masallacin Shehu da na Bello da fadar Sarkin Musulmi duk kusa da juna. Mi zai hana a tsaida kabu-kabu da keke ko na awa uku bayan isha'i, a sa fitilu, masu shayi da masu fura da kilishi da nakiya su jera? Da zafin Sakkwato dama dare ne lokacin fita.

Ɗan Kofar Marke:
Na gode ƙwarai, Allah saka da alheri. Mama na ji, ba zan ci gabansa ba. Malam daga Fishawi zuwa masallacin Husaini akwai nisa? Baba yace yana son ya yi sallah can.

Tsohon ɗalibin Azhar:
Babu nisa ko kaɗan, taku kaɗan ne. To ku fara da can ma, ku yi isha'i a Husaini sannan ku shiga titin.