Harafin ƙ yana lalacewa a manhajar da na rubuta da C: ina kuskurena yake?

Ɗalibin Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina shekara ta biyu a karatun kwamfuta a nan Samaru, kuma a hutun da ya wuce shugaban wata makarantar Islamiyya da ke unguwarmu a Tudun Wada ya nemi in rubuta masa 'yar manhajar da zai riƙa ajiye sunayen ɗalibai da kuɗin watan da kowa ya biya. Na rubuta ta da C a kwamfutata mai Linux, domin da shi hannuna ya fi faɗawa, na ware wa kowane suna gurbi mai bayit 16, wato char suna[16], na kuma sa ta fitar da fayil na CSV da za a buɗe da Excel a kwamfutar ofishin makarantar mai Windows.

Muddin sunan ba shi da harafi mai lanƙwasa, komai yana tafiya daidai. Da na shigar da suna irin Abubakar Sadiƙu, wanda na ƙirga da yatsa na sami haruffa 15 har da tazarar da ke tsakani, sai strlen, mai auna tsawon rubutu, ta ce 16 ne, manhajar kuma ta yanke wasalin ƙarshe. Na gwada Muhammadu Sadiƙu, sai ƙarshen sunan ya fito da wata baƙar alama mai ayar tambaya a ciki. Da muka buɗe fayil ɗin a Excel sai muka tarar Sadiƙu ya koma SadiÆ™u, Ɗahiru kuma ya koma ÆŠahiru, har shugaban makarantar ya tambaye ni ko wani yare ne kwamfutar ta koya. Bayan haka toupper, mai mayar da ƙananan haruffa manya, tana mayar da sadiƙu SADIƙU, sannan idan na jera sunaye da strcmp, Ɗahiru yana faɗawa can ƙasan Zubairu. Wani abokina ya ce in bar wahalar da kaina, in rubuta k da d da b kawai kamar yadda ake yi a waya, amma raina bai kwanta da hakan ba, tunda sunayen mutane ne. Ina neman a nuna mini inda na kauce.

Tsohon Injiniya, Ƙofar Doka, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kyauta da ka ƙi shawarar abokinka, kuma matsalolin nan da ka lissafa tushensu ɗaya ne: ka ɗauka cewa char ɗaya harafi ɗaya ne, alhali char bayit ɗaya ne kawai, wato bit 8. Wannan zato ya yi aiki a lokacin da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a farkon shekarun 1970, saboda tsarin ASCII na 1963 alamomi 128 ne kacal, kowace tana shiga cikin bit 7, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsu. Unicode ne ya zo ya ba kowane harafi lambarsa, ya ba ƙ lamba U+0199, wato 409 a ƙirgen yau da kullum, wadda ta wuce 255 ɗin da bayit ɗaya yake iya ɗauka. Dole ke nan a raba lambar cikin bayit fiye da ɗaya, kuma hanyar rabon da Linux ɗinka yake bi ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992.

Bari mu warware ƙ da hannu, domin wanda ya yi wannan lissafi sau ɗaya ba ya sake ruɗewa. Duk lambar da ke tsakanin U+0080 da U+07FF bayit biyu take ci. Na farko yana farawa da 110, na biyu da 10, sauran gurabe 11 kuma su ne ake zuba lambar harafin a ciki. Lamba 409 a bit 11 ita ce 00110 011001. Ka ɗora biyar na farko bayan 110 ka sami 11000110, wato C6, ka ɗora shidan da suka rage bayan 10 ka sami 10011001, wato 99. Saboda haka ƙ a ma'adanar kwamfuta C6 99 ne, ɗ kuma C9 97, ɓ C9 93, Ɗ C6 8A. Idan kana son komawa daga bayit zuwa lamba, ga shi, inda b0 shi ne bayit na farko, b1 kuma na biyu:

lamba = ((b0 & 0x1F) << 6) | (b1 & 0x3F);

Sau 64 na 6 ya ba ka 384, ka ƙara 25, ka dawo 409.

Yanzu ka sake duban abin da ya same ka. strlen ba ta yi ƙarya ba, bayit take ƙirgawa har ta kai sifili. A Muhammadu Sadiƙu kuwa, bayit na 15 shi ne C6, sai wuƙarka ta faɗa tsakiyar harafi, ta bar C6 shi kaɗai ba abokin tafiya, shi ya sa allon ya nuna maka U+FFFD, alamar da ake sakawa a madadin abin da ya ƙi karantuwa. Maganin yana cikin tsarin kansa, domin duk bayit ɗin da ya fara da 10 ci gaban harafi ne, ba farkonsa ba. Idan za ka ƙirga, ka ƙirga waɗanda (b & 0xC0) != 0x80 kaɗai; idan za ka yanke, ka duba bayit ɗin da yankan zai faɗa a kansa, in ci gaba ne ka ja baya har ka iso farkon harafin. Ka kuma faɗaɗa gurbin nan, bayit 16 ya yi wa sunan Bahaushe kaɗan ko da babu lanƙwasa.

Batun Excel kuwa, fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau. Excel ne ya karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252, inda C6 yake nufin Æ, 99 yake nufin ™, 8A kuma Š. Ka rubuta bayit uku, EF BB BF, a farkon fayil ɗin, zai gane cewa UTF-8 ne. Sai dai ka tuna ka tsallake su idan manhajarka za ta sake karanta fayil ɗin, in ba haka ba za su manne wa sunan farko.

Abin da na fi so ka kiyaye shi ne toupper. A kwamfutoci masu x86, char yakan ɗauki alamar ragi, don haka C6 yana zama -58, kuma ƙa'idar C ba ta lamunce a miƙa wa toupper irin wannan lamba ba. Ka saba da unsigned char duk inda kake taɓa bayit. Kada kuma ka yi dabarar rage 32 da ake yi wa haruffan ASCII. Tsakanin ƙ da Ƙ tazarar 1 ce, tsakanin ɗ da Ɗ 205, tsakanin ɓ da Ɓ 210, saboda ƙananan ɓ da ɗ suna zaune a rukunin alamomin masana furuci, manyansu kuma a wani rukuni dabam na haruffan Latin. Tunda huɗu ne kawai har da ƴ, ɗan tebur na hannu ya ishe ka.

Mai Kodin, Sabon Gari, ya amsa:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai a ganina hanyar ta fi haka sauƙi. Ka kira setlocale(LC_ALL, "") a farkon manhajar, ka mayar da kowane suna jerin wchar_t da mbstowcs, daga nan wcslen za ta ba ka adadin haruffa, towupper ta ɗaga maka ƙ zuwa Ƙ, wcscoll kuma ta jera maka sunaye, ba tare da ka taɓa bit ko ɗaya da hannunka ba. Da haka nake aiki a Linux kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Malama daga Kongo ta amsa:

Ɗan'uwa Mai Kodin, shawararka tana aiki a kwamfutarka, amma ɗalibin nan ya gaya mana cewa ta ofishin makarantar Windows ce, kuma a nan ake samun tangarɗa. A Linux wchar_t bit 32 ne, yana ɗaukar kowace lambar Unicode har zuwa U+10FFFF. A Windows bit 16 ne, don haka duk alamar da ta wuce U+FFFF sai an raba ta biyu, matsalar da aka gudu ta dawo ta wata ƙofa. Sannan abin da setlocale za ta ɗauko ya danganta da yadda aka saita kowace kwamfuta. Ni na fi natsuwa da a bar rubutu a UTF-8 a fayil da ma'adana, a warware shi zuwa uint32_t a wurin da ake buƙata kawai.

Ƙanena, akwai abin da ban ga an taɓo ba, kuma shi ya fi cin lokacina a aikin juya tsofaffin rubuce-rubucen Hausa zuwa Unicode. Na farko shi ne alamar da ke cikin 'ya'ya da Sa'adatu da Mas'udu. Iri uku ake bugawa, ido kuma ba ya bambanta su sosai: ta kan allon madannai, U+0027, mai bayit ɗaya, da wadda Word yake lanƙwasawa da kansa, U+2019, mai bayit uku, E2 80 99, da U+02BC, mai bayit biyu, wadda Unicode ya ɗauka a matsayin harafi. Idan magatakarda ya shigar da Sa'adatu yau da ta farko, gobe ya neme ta da ta biyu, manhajarka za ta rantse babu wannan yarinya a makarantar. Ka zaɓi ɗaya, ka mayar da sauran gare ta tun a bakin shiga. Haka nan idan aka kawo maka tsohon jerin sunaye ka ga }asa a gurbin ƙasa ko ]aya a gurbin ɗaya, kada ka nemi laifin UTF-8; kafin Unicode ya yaɗu an yi nau'o'in rubutu da suka ari gurbin waɗannan alamomi suka zana haruffanmu a kai, kuma sai ka musanya su ɗaya bayan ɗaya.

Game da jeri, ko ka warware lambobin daidai Ɗahiru zai ci gaba da zama ƙasan Zubairu, tunda lambar Ɗ, 394, ta fi ta Z, 90. Jerin abacada na Hausa ba ya bin lambar Unicode: ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, sh da ts kuma kowanne harafi guda ake ɗaukarsa ko da yake alama biyu ake rubutawa. Laburaren ICU, na sarrafa rubutun Unicode, ya san wannan jeri idan ka gaya masa harshen ha ne, wato Hausa, amma ya yi wa manhajarka nauyi. Ka ba kowane harafi matsayi a tebur, ka kwatanta da matsayin.

Tunda Islamiyya ce, ka sa rai wata rana za a ce a rubuta sunayen da Larabci ko ajami. Baƙaƙen Larabci na asali bayit biyu-biyu ne, amma fataha da kisira da rufu'a kowace lambarta dabam, tana hawa kan baƙin da ya gabace ta ba tare da ta ci wuri a layi ba. A nan ƙirgen da Malam ya koya maka zai ba ka adadin lambobi, wanda ya zarce abin da ido yake gani, kuma idan ka yanke tsakanin baƙi da wasalinsa ka canja karatun sunan ko da bayit ɗin duk ingantattu ne. Kada kuma ka juya jerin don rubutun yana tafiya daga dama zuwa hagu. Yadda ake furta shi haka ake ajiye shi, juyawar aikin mai nunawa a allo ne.

Ɗalibin Samaru ya sake rubutawa:

Na gode, Malam, na gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Na faɗaɗa gurbin zuwa bayit 64, na gyara yankan, na sa EF BB BF, kuma jiya bayan la'asar muka buɗe fayil ɗin a ofis, Sadiƙu ya fito da lanƙwasarsa. Da na bincika sai na tarar da Sa'adatu guda a rubuce sau biyu, kamar yadda Malama ta faɗa. Saura abu ɗaya. Shugaban yana son a riƙa tura wa iyaye saƙon tes na tunin kuɗin wata, na gwada saƙo mai haruffa kusan 150, sai aka caje shi shafi uku, alhali da na cire lanƙwasar shafi ɗaya aka caja. Shin wannan ma UTF-8 ne?

Tsohon Injiniya, Ƙofar Doka, ya amsa:

A'a, ɗana, saƙon tes ba ya amfani da UTF-8. Shafi ɗaya bayit 140 ne, kuma da haruffan GSM masu bit 7 yana ɗaukar 160. Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa cikin wannan jeri, don haka ƙ guda ɗaya tak tana mayar da saƙon gaba ɗaya zuwa UCS-2, inda kowane harafi yake cin bayit biyu, shafi ya koma 70, ko 67 idan saƙon ya haɗa shafuka da yawa, saboda bayanin haɗin yana cin nasa wuri. Biyu sau 67 ya tsaya a 134, shi ya sa 150 ɗinka ya shiga na uku. Wannan lissafin kuɗi ne, ka kai wa shugaban ya zaɓa: ko a taƙaita saƙon ya tsaya a 70, ko a sauke lanƙwasar a kwafin da za a tura kaɗai, sunan da ke cikin fayil ya zauna yadda yake. Idan ya zaɓi a tura da lanƙwasa kuma ta modem kake turawa, lambar da ka riga ka warware ita za ka rubuta a gurbi huɗu, ƙ ta tafi a matsayin 0199, ɗ kuma 0257.