Shin jirgin yaƙi yana iya sauka da bama-bamai a jikinsa?

Bakatsine:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana harkar jiragen sama da ke wannan zaure. Idan jirgin yaƙi ya tashi da bama-bamai, sai aka soke harin yana sama, shin yana komawa ya sauka da su, ko kuwa dole ne ya zubar da su tukuna? Abin da ya jawo tambayar shi ne labarin watan Yulin 2013, lokacin da jiragen Harrier biyu na sojan Amurka suka saki bama-bamai huɗu a tekun Ostareliya, cikin yankin duwatsun murjani na Great Barrier Reef da ake karewa, wai don ba za su iya sauka da su ba. Tsoron fashewa ne ya sa haka?

Tsohon Makanike:
Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. Jiragen yaƙi suna sauka da bama-bamansu a kai a kai, kuma fashewa ba ita ce babbar damuwar ba. Bam ɗin da ke rataye a ƙarƙashin fiffike ba a ɗana yake ba. A yawancin bama-bamai na gargajiya akwai wata 'yar farfela a hancin bam ɗin, an soka mata waya wadda ɗaya bakinta ke maƙale a jikin jirgin. Sai bam ya rabu da jirgin wayar ke zarewa, iska ta juya farfelar na wasu daƙiƙoƙi, sannan makunnin ya ɗanu. Sinadarin da ke ciki kuma an haɗa shi ne yadda jijjiga ko dukan taya a ƙasa ba za su tayar da shi ba. Da zarar jirgi ya sauka, akan tsayar da shi a ƙarshen titi, nesa da sauran jirage, ma'aikatan makamai su mayar da sakatun tsaro masu jajayen ƙyallaye, kafin a bar shi ya wuce mazauninsa.

Injiniya Mai Lissafi:
Abin da Baba Makanike ya faɗa haka yake, amma ya fi dacewa da filin jirgi na tudu, inda titi ke da tsawon kilomita biyu ko uku, matuƙi ya sauka a hankali ya yi ta taka birki. A kan jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen yaƙi lissafin daban ne, domin ƙugiyar da ke wutsiyar jirgin ce ke kama igiyar ƙarfe, ta tsayar da shi daga gudun kusan kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, a tazarar da ba ta wuce mita ɗari da 'yan kai ba. Ƙafafun jirgin da igiyar suna da iyakar nauyin da za su jure, saboda haka kowane jirgi yana da adadin mai da makaman da aka yarda ya dawo da su a haɗe. Tsohon samfurin jirgin yaƙin Amurka F/A-18 Hornet yana dawowa da kimanin kilo 2,500, shi kuwa Super Hornet da ya gaje shi ya haura kilo 4,000, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka ƙera shi da girma, domin makamai masu bin saiti suna da tsadar da ba a son a riƙa zuba su a ruwa.

Matsalar Harrier ta fi tsanani, tun da a tsaye yake sauka, dukan nauyinsa a kan ƙarfin injin ɗaya. A 2013 ɗin an hana su sakin bama-baman a filin atisayen tsibirin Townshend saboda ba a tabbatar babu haɗari a wurin ba, mai kuma ya yi ƙasa, ga shi jirgin ruwan USS Bonhomme Richard za su koma. Biyu daga cikin huɗun ma babu nakiya a cikinsu, sauran biyun kuma ba a ɗana su ba, shi ya sa babu wanda ya tashi.

Uwar Biyu:
Ina da ja a kan yadda ake nuna zubar da bam a teku tamkar abu mai sauƙi. A yaƙin Kosobo na 1999 jiragen NATO sun zubar da bama-bamai a tekun Adriyatik a hanyarsu ta komawa sansanoninsu na Italiya, kuma masunta sun riƙa jawo su cikin komarsu, har wasu suka jikkata a kusa da garin Chioggia na Italiya a watan Mayun shekarar. Bam ɗin da ba a ɗana ba yana nan da nakiyarsa a ƙasan ruwa, kuma mai kamun kifi ne ke cin karo da shi.

Tsohon Makanike:
Gaskiyarki, Hajiya, kuma sai da aka tura jiragen ruwa masu share nakiya suka tsince su. A ganina wanda ya fi tayar da hankalin matuƙi shi ne bam ɗin da aka danna ya ƙi faɗuwa, domin ba a san ko ƙugiya ɗaya ce kawai ke riƙe da shi ba, ga shi jirgin ya karkata gefe guda. Irin wannan matuƙin yakan sanar da hasumiya tun daga nesa, ya kauce wa bi ta saman gidajen jama'a, ya miƙo kai tsaye ba tare da kewaya fili ba, motocin kashe gobara da masu kwance bam suna jiransa a ƙarshen titi.