Shan taba a filin jirgin Abuja: ina aka halatta?

Matafiyi:
Salamu alaikum jama'a. Mai jiran jirgi a filin Nnamdi Azikiwe, a ina zai iya shan sigari ba tare da ya shiga matsala ba?

Ɗan Lugbe:
Wa alaikumus salam. Malam, dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sha a cikin ginin, har da banɗaki, sai wurin da aka keɓe mai alama. Tarar ba ta gaza naira 50,000, ko ɗaurin wata shida. Ka tambayi ma'aikatan FAAN, wato hukumar kula da filayen jiragen sama ta Najeriya, tun kafin a tantance ka, domin in ka fita waje bayan tantancewa, sai ka sake bin layi daga farko.

Hajiyar Kubwa:
Kada ma ka kusanci inda jirage ke tsayawa kana riƙe da wuta, akwai tururin man jirgi. Banɗakin cikin jirgi kuma yana da na'urar gano hayaƙi, nan take take ƙara.

Ɗan Lugbe:
Gaskiya ne, Hajiya. Sigarin lantarki ma a jakar hannu ake sa shi, ba a akwatin da za a auna ba, saboda batirinsa na iya kamawa da wuta. Sha ko yi masa caji a cikin jirgi haramun ne.