Hanya ɗaya ta ishe mu duka? Muhawara kan gangarowa daga dutse da keke

Abban Nana: Salamu alaikum 'yan uwa. Kan tafiyarmu ta Whistler a watan Yuli ne. Na ji ana shawarar a raba mu gida biyu, gwanaye su yi nasu wuri, sababbin shiga su yi nasu. Ni ban goyi bayan haka ba. Ga wanda bai taɓa zuwa ba: wurin yana Kanada, kusan kilomita 120 arewa da Vancouver, dutsen wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ne, amma tun 1999 idan ƙanƙara ta narke sai su mai da lif ɗin na 'yan keke. Ka ɗora kekenka, ka zauna a kujera, igiya ta ja ka sama, kai kuma aikinka gangarowa kawai. Hanyoyin da nake magana a kai su ne na sumul, waɗanda aka gina da katafila, aka kwashe duwatsu da saiwoyi. Kowace kwana an tayar mata da bango don taya ta jingina, tsakani kuma tudu-tudu ne kamar kunyoyin gona. Tsallen da ke kansu mai tebur ne, ba rami a tsakiya. Gwani ya tashi sama ya dira can gaba, sabo ya mirgina ta kan tebur ɗin ya wuce abinsa. Hanyar da ake kira Crank It Up haka take, kuma shuɗiya ce, wato mai matsakaicin wuya a launukan da ake yi wa hanyoyi alama da su. Don haka na ce irin wannan hanya ta kowa ce, ba dalilin da zai sa mu bar kowa a baya.

Kawu Sale: Wa alaikumus salam. Ɗana, niyyarka mai kyau ce, amma maganar ba haka take ba. Shekara ashirin ke nan ina hawa duwatsun Sukotland da ƙafata a kan feda. Wanda ya hau dutse da ƙarfinsa, kafin ya kai sama ya riga ya san kekensa, ya san birkinsa, ya san inda numfashinsa ya tsaya. Hawan shi ne mai gadin ƙofa. Lif ya kori mai gadi. Yau mutum ya karɓi hayar keke da safe, kafin azahar yana tsaye a wurin da a da sai ya yi shekara biyu yana koyo zai gani da idonsa.

Abban Nana: Kawu, Allah ya ƙara girma, ai mai gadin nan naku shi ya hana mutane da yawa shiga. Uwar Nana ba za ta taɓa tuƙa keke sa'a biyu zuwa sama ba, gwiwarta ba za ta bari ba. Bara ta gangaro hanyar EZ Does It sau huɗu a rana ɗaya, tana dariya har ƙasa. A ce ba ta cancanta ba don ba ta yi gumi ba?

Kawu Sale: Ban ce ba ta cancanta ba. EZ Does It koriya ce, matakin da ya fi sauƙi, kai kuma shuɗiya kake son kai kowa. Kada ka haɗa min biyun.

Anti Binta: Ku ba ni dama in sa baki, tunda mu ma'aikatan asibiti ne ake kawo wa mutane idan abin ya faru. Abban Nana, kalmar "sumul" ɗin nan ita ce take damuna. Hanya mai duwatsu da saiwoyi tana ba sabon shiga tsoro, tsoron ya sa ya matse birki, ya rage gudu, wani lokaci ma ya sauka ya tura. In ya faɗi a nan, yawanci ƙujewa ce da targaɗe. Hanyar sumul kuwa ba ta gargaɗi. Tana ba mutum gudun da hannunsa bai koyi riƙewa ba tukuna, yana jin daɗi, yana ganin ya iya, sai kawai tudu ya cilla masa tayar baya sama ya tafi ta kan keke. A wannan gudun abin da ke karyewa shi ne ƙashin kafaɗa da wuyan hannu, ga buguwar kai. Likitoci sun taɓa bin lissafin asibitin garin Whistler na kakar 2009 kaɗai, suka samu kusan mutum 900 da suka ji rauni a wurin keken, mafi yawansu maza. Ba na ce kowa ya zauna gida ba. Ni ma ina hawa. Amma kada a gaya wa ƙannenmu cewa sumul yana nufin lafiya.

Abban Nana: Anti, lissafin nan ai bai raba wanda ya faɗi a shuɗiya da wanda ya je ya gwada A-Line, baƙar hanyar gwanaye mai manyan tsalle, ba tare da ya kai ba. Kuma dubban mutane nawa ne suka hau lif a kakar suka koma gida lafiya?

Anti Binta: Da yawa ƙwarai, ban musa ba. Amma wanda ya je A-Line bai kai ba, daga ina ya samo ƙarfin halin? Daga shuɗiyar da ta yi masa sauƙi da safe.

Isuhu na Grenoble: Ni kam akwai abu guda da ba a taɓo ba, shi ne launin kansa. Mu nan Faransa, a Les Gets da Morzine, matakai huɗu ne: kore, shuɗi, ja, baƙi. Can Kanada babu ja a tsakiya, daga shuɗi sai baƙi, sannan baƙi biyu. Ke nan shuɗin can ya haɗiye wani yanki na abin da mu nan za mu kira ja. Wanda ya saba da shuɗin Les Gets ya je can ya ce "ai shuɗi na sani", zai iya haɗuwa da abin da bai shirya masa ba. Kuma ko cikin wuri guda, hanyar da ka bi ranar buɗewa ba ita za ka tarar a watan Agusta ba. Dubban tayoyi suna matse birki a wuri guda kafin kowace kwana, sai wurin ya zama gargada, keke na karkarwa, hannu na mutuwa. Rana ta busar da ƙasa ta koma gari, in ruwa ya sauka kuma ta koma sabulu. Allon da ke bakin hanya dai launinsa bai canza ba.

Abban Nana: Wannan gaskiya ne Isuhu, gargadar nan na sha ta. Amma ai Whistler ɗin sun san da haka, shi ya sa a taswirarsu suka jera hanyoyin sumul daban, masu duwatsu daban, kowane jeri daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya. Mutum ya bi tsani.

Isuhu na Grenoble: To ai ka faɗa da bakinka, yaya. Tsani. In da hanya guda ta ishi kowa, me za a yi da tsani?

Maryama: Yayye da iyaye, ku yi haƙuri, ni ce sabuwar shigar da ake ta magana a kanta, bari in faɗi yadda abin yake daga kan sirdina. Bara na bi abokan karatuna wani wurin hawa. Su sun daɗe suna yi, ni kwanana biyu. Suka ce in zo mu bi shuɗiya tare, ai ba komai, za su jira ni. Hanyar ba ta fi ƙarfina ba, wallahi. Kwanonin sun yi min daɗi, tudun ma ina mirginawa lafiya. Abin da ya fi ƙarfina shi ne mutanen da ke bayana. Sai in ji ƙarar taya tana matsowa, wani ya yi magana da ƙarfi, ban san ta dama zai wuce ko ta hagu ba, hanyar kuma ba ta da faɗin da zan kauce. Na fara waige, alhali an ce min ido a gaba. Daga baya don kunya na saki birki fiye da yadda zuciyata ta yarda, don kada in riƙe mutane, kuma don na san nawa suna can ƙasa tsaye suna jirana. A kwana ta gaba na haye saman bangon na fita. Ban karye ba, alhamdu lillahi, hular kwano mai rufe haɓa ta yi aikinta, amma kafaɗata ta yi wata guda ba ta ɗaguwa. Abban Nana, ka ce gwani ya tashi sama, sabo ya mirgina. Haka ne in kowa shi kaɗai ne a hanyar. Idan ina tsakiyar mirginawa a kan tebur, shi kuma ya taso daga baya a sama, a ina zai dira?

Anti Binta: Sannu ƙanwata. Allah ya kiyaye gaba.

Abban Nana: Sannu Maryama, ban san haka ta faru da ke ba. Amma a duba, dokar wuraren nan a fili take: na gaba shi ke da hanya, na baya ne zai yi haƙuri har ya samu wurin wucewa. Wanda ya matsa miki shi ya karya doka. Laifin mutum ne, ba na hanya ba.

Maryama: Na san dokar yanzu, yaya. A lokacin ma an gaya min. Amma sanin cewa ni ke da gaskiya bai hana hannuna rawa ba. Kuma waɗanda suka fi matsa min ba baƙin da ke bayana ba ne, nawa ne da ke jira a ƙasa, ko da yake ba wanda ya ce min uffan.

Kawu Sale: Yarinyar nan ta faɗi abin da na kasa faɗa. Sai dai ku bar ni in yi adalci, don kada a ce tsoho ya ƙi sabon abu kawai. A Fort William da ke Sukotland, gandolar Nevis Range, wato lif mai rufaffen ɗaki, ta daɗe tana kai mutane kan hanyar gasar kofin duniya, wadda aka fara yi a can a 2002. Duwatsu ne zalla, ba wurin wasan yara ba. Shekaru da yawa in ba gwani ba ne kai, ba abin da gandolar za ta yi maka sai kallo. Da suka buɗe shuɗiya mai tsawo daga sama, Blue Doon, na kai jikana, muka gangaro tare, kuma ranar tana cikin ranakun da ba zan manta ba. Amma ni ne a bayansa, taku kaɗan tsakaninmu, duk wanda ya taho ni zai fara tararwa. Gudunsa muka yi, ba nawa ba. Ban tashi ko tsalle ɗaya ba ranar. To wannan shi ne hawa tare. Tambayata ga gwanayenmu: wa zai sayi tikitin yini guda da kuɗinsa, ya yarda ya ƙare ranar a bayan Maryama?

Isuhu na Grenoble: Kawu, kun sa yatsa a kan gyambon. Tikiti da tsada, haya da tsada, kowa na ƙirga sau nawa ya gangaro don kuɗinsa su fita.

Anti Binta: Ƙirgen nan ma wata matsalar ce. Da ƙafa, sau ɗaya ko biyu za ka gangaro a yini. Da lif sai ka yi goma, ba ka ji gajiya a cinya ba, sai ka ɗauka ba ka gaji ba. Alhali yatsun da ke matse birki sun gama aiki tun la'asar, hankali ma ya ragu. Duk lokacin da na ji wani a cikinmu ya ce "bari mu ƙara ɗaya na ƙarshe", gabana faɗuwa yake yi.

Abban Nana: Na ji ku duka. Kan cewa shuɗiya ta kowa ce daga ranar farko, na janye, Maryama ta gamsar da ni. Amma raba mu gida biyu har yanzu ban yarda ba. Na ga yadda ake yi: gwanaye su ɓace tun safe, sababbi su yi ta zagaye a koriya su kaɗai, ba mai nuna musu yadda ake tsayawa a kan feda ko inda ake kallo a kwana, da yamma a haɗu wurin cin abinci wasu na ba da labari wasu na shiru. Shekara mai zuwa ba sa dawowa. Alfanun lif shi ne hanyoyi daban-daban suna tashi daga wuri ɗaya su sauka wuri ɗaya. Mu hau kujera tare, kowa ya bi launinsa, mu haɗu a ƙasa.

Maryama: Haɗuwa a ƙasan nan ita ce ta kayar da ni, yaya. In za a yi, kada kowa ya tsaya jirana. Ku hau lif ku ƙara zagaye, in mun haɗu mun haɗu. Kuma ina so safiyar farko in biya malamin koyarwa na wurin, ba aboki ba. Aboki yana cewa "biyo ni kawai".

Kawu Sale: Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin Yuli ki samu fili ki koyi birkin gaba da na baya, ki kuma duba keken haya tun kafin ki hau, don mu nan Birtaniya birkin gaba a dama yake, a Kanada kuwa a hagu. Masu haya suna juya shi in an roƙe su.

Isuhu na Grenoble: Kuma kowace sabuwar hanya, har ga gwanayen, zagayen farko na kallo ne kurum, na biyu na sabawa, sai a na uku a saki birki.

Abban Nana: To wa zai ɗauki safiyar Asabar a bayan sababbi? Ni na ɗauki Juma'a bayan masallaci.

Kawu Sale: Rubuta ni Asabar. Amma sunayen masu tsallen nan nake son gani a jerin, ba na tsofaffi kaɗai ba. Isuhu?

Isuhu na Grenoble: Lahadi da safe, Kawu, in sha Allah. Da rana ku bar ni da A-Line.