Kwamfutar wasa mai sanyaya ta ruwa a zafin Damagaram: wa ya taɓa haɗawa?

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan zaure. Kayan kwamfutar wasa da na daɗe ina tara wa kuɗi sun iso: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 7 7800X3D da katin girafik (mai sarrafa hoto) RTX 4070. Saura sanyaya. Ni ta ruwa nake so, irin wadda mutum ke haɗa famfo da tanki da tiyo da hannunsa, ba AIO ba, wato haɗaɗɗiyar sanyayar ruwa da ke zuwa a rufe. Ɗakina rufin kwano ne, ba kilim, sai fanka. Me zan saya, me zan guje wa?

Mai Gyara na Dole: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a zo kan kaya, gaya mini: a watan Afrilu da Mayu, wajen ƙarfe uku na rana, ɗakin nan digiri nawa yake kaiwa?

Ɗan Birni: Yaya, yakan kai 40, wata rana ya ɗara.

Mai Gyara na Dole: To nan maganar take. Mutane na ɗauka ruwan kwamfuta kamar na randa ne. Randa tana sanyi ne saboda tana tsatsafo iska na busar da shi, har ruwan ya fi ɗakin sanyi. Na kwamfuta a rufe yake ruf, ɗan aike ne kawai: ya kwashi zafi daga furosesa ya kai radiyeta, fanka ta hura shi cikin iskar ɗaki. Ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin ba. Idan wasa ya yi nisa, ruwan yakan hau digiri 10 zuwa 15 sama da iskar ɗaki. A ɗakinka ke nan 50 zuwa 55, shi kuwa famfon da ke zagaya da ruwan, samfurin D5, iyakar da aka yanka masa 60. Waɗancan hotunan da kake gani na Turai, ɗakunansu digiri 22 ne.

Saboda haka abu na farko, ka manta da sandararren tiyon filastik na PETG. An taɓa kawo mini wata kwamfuta mai irinsa a tsakiyar bazara, tiyon ya yi laushi a bakin mahaɗi, ya lotse kamar an matsa shi da yatsa, ruwa yana ɗiga ɗaya-ɗaya a bayan katin girafik har wurin ya yi kore. Mai ita bai lura ba sai da allo ya fara ɗaukewa. Tiyon roba baƙi na EPDM, awon 10/16 (milimita 10 ta ciki, 16 ta waje), da mahaɗai masu murfin ɗaurewa, shi ne na garinmu. Ba ya burgewa a hoto, amma ba ruwansa da zafi.

Injiniya: Ni zan faɗi abin da wataƙila ba ka son ji. RTX 4070 wat 200 take ci. 7800X3D an rubuta masa 120, amma a cikin wasa ba ya kusantar haka. Wannan kayan ba ya buƙatar ruwa. Abin sanyaya na fanka irin Thermalright Peerless Assassin 120 ko Noctua NH-D15 zai riƙe furosesar, katin kuma da fankokinsa. Da furosesa i9-14900K ce mai zuƙar wat 253 da RTX 4090 mai 450, da ni zan fara ce maka ka nemi famfo. Kuɗin ruwan nan ka sa su a ondilar (na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke) da batir.

Ɗan Birni: Na ji, Injiniya, kuma na san gaskiya ka faɗa. Amma kukan fanka da dare yana damun mutanen gida, sannan ni aikin kansa nake son in koya. Shekaru ina kallon ana yi.

Injiniya: Wannan dalili ne, ba zan hana ka ba. To ka wadata radiyeta. Ƙa'idar da ake bi ita ce milimita 120 ga kowane abu da za a sanyaya, a ƙara 120. Wannan ta ƙasashen sanyi ce. A nan ka sa radiyeta mai milimita 360 guda biyu, ka tabbata akwatin zai ɗauke su kafin ka biya. Kuma ka rage wa kayan wuta: da saitin Curve Optimizer a BIOS (shafin saitin kwamfuta na tushe) don furosesa, da manhajar MSI Afterburner don kati. Zafin da ba a haifar ba, ba sai an nemi mai ɗaukarsa ba.

Ƴar Zango: Kun yi ta maganar bazara kun bar hunturu. Ni aikin haɗa bidiyo nake yi, AIO 360 gare ni, kuma abin da ke wahalar da ni ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sati biyu ya isa ka ga haƙoran radiyeta sun toshe da ja-ja-jan gari, idan ka haska fitila ta baya haske ba ya wucewa. Ɗan Birni, ka nemi radiyeta mai haƙora warwatse, ba masu matsatsi ba, ta fi sauƙin hurewa. Ka sa raga a duk inda iska ke shiga, kuma fankokin shigarwa su fi na fitarwa yawa don kada ƙura ta riƙa kutsawa ta ramuka. Kada ka ajiye akwatin a ƙasa. Idan za ka hure da bulowa, riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa.

Baban Yara: Allah ya yi miki albarka, ƴata. Ni nawa ɗaya ne: wuta. Ɗana, kada ka kunna injin nan ko sau ɗaya ba ondilar, kuma mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta gidan wuta, don alimantasiyo (akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta) na zamani wani lokaci ba sa jituwa da ƙananan ondilar masu arha, sai su mutu daidai lokacin da wuta ta ɗauke.

Ɗalibin Kimiyya: Game da ruwan da za a zuba. Na famfo a'a, na rijiya a'a, na leda ma a'a. Duk suna da gishirin ƙasa da zai daskare a siraran hanyoyin bulok, wato ƙarfen da ake ɗorawa a kan furosesa ko kati ruwa ya bi ta cikinsa. Tataccen ruwa ake so. Masu kayan mota suna sayar da shi da sunan ruwan batir, amma don Allah a karanta jikin gorar, domin akwai wanda asid ne, shi ma ruwan batir ake ce masa. Sai a ƙara maganin hana gansakuka da tsatsa na musamman, mara launi. Masu kauri kamar madara ɗin nan suna kwantawa su toshe bulok, balle a zafi.

Sannan kada a gama alminiyam da jan ƙarfe a layi ɗaya. Ruwa yana haɗa su, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa a hankali. Radiyeta mai arha sosai yawanci alminiyam ce. Bulok jan ƙarfe, radiyeta jan ƙarfe, mahaɗai tagulla, shi ke nan.

Ɗan Birni: Kowane wata nawa ake canja ruwan?

Ɗalibin Kimiyya: Wata 6 zuwa shekara. A nan ni zan ce bayan hunturu sau ɗaya, bayan bazara sau ɗaya.

Na Hanyar Kano: Maganar saye. A Kano, wajen Beirut Road, za ka samu akwati da fankoki da alimantasiyo, amma bulok da mahaɗai sai oda. EKWB ta Sulobeniya da Alphacool ta Jamus suna da kyau, sai dai idan ka buga Yuro a sefa 656 ka ƙara kuɗin jirgi, kai zai yi ciwo. Bykski da Barrow na Sin sun isa. Zaren mahaɗai duk G1/4 ne, suna shiga juna. Ka ƙara mahaɗi biyu da ƴan zobban roba a kan lissafinka, don idan ɗaya ya zo da matsala ba inda za ka same shi a garin nan, sai ka sake jiran wata guda. Famfo kam kada ka yi rowa, D5 na gaske.

Mai Gyara na Dole: Bulok ɗin kati kuma ba sunan 4070 kawai ake dubawa ba. ASUS da MSI da Gigabyte kowa da yanayin allonsa, wanda ya hau wannan ba lallai ya hau wancan ba. Kuma ka sani buɗe katin na iya shafar garanti.

Ranar haɗawa: fara wanke cikin radiyeta da ruwan ɗumi, ka girgiza, za ka ga baƙin datti na fita, ka ɗauraye da tatacce. Tanki ya zauna sama da famfo, don famfon nan ruwa ne man shafawarsa, idan ya juya a bushe ya lalace. Sa bakin zubarwa a wuri mafi ƙasa. Gwaji kuma, cire duk wayoyin wuta daga kart-mer (babban allon da ake jona komai a kai) da kati, famfo kaɗai zai samu wuta. Shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowane mahaɗi, bar shi yana zagayawa awa 24. Ko ɗigo ɗaya takarda za ta nuna. Ina da ɗan famfon gwaji na iska mai agogo, ana hura iska har agogon ya nuna rabin bar (ma'aunin matsin iska), a jira a ga ko allura za ta sauka, wannan ya fi sauri kuma ba abin da zai jiƙe.

Ƴar Zango: Yaya, idan za ku haɗa ina son in zo in gani, ni ma AIO ɗin tawa ta fara tsufa.

Mai Gyara na Dole: Bismillah, ƙanwata. Ɗan Birni, turo hoton takardar da ke bayan katin naka in duba maka bulok ɗin da ya dace kafin ka yi oda. Idan kaya sun iso ku zo shago da sassafe, kowace rana ban da Alhamis, ranar kasuwa ba na samun sukuni.

Ɗan Birni: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hoton na zuwa bayan magariba. Injiniya, akwatin da zai ɗauki 360 biyu, wanne ka sani?