Neman shawara: ina son fara hawan duwatsu ranakun Lahadi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A unguwar Zango ta Zinder (Damagaram) nake zaune, aikina na zama ne daga Litinin zuwa Asabar, jiki duk ya yi nauyi. Lahadin da ta wuce ni da ƙanena muka hau wani falalen dutse a bayan unguwar Birni. Hawan ya yi daɗi ƙwarai, daga sama muna hangen fadar Sarkin Damagaram da rufin gidaje. Wajen sauka ne silifas ya zame mini, na gangaro da mazaunai, tafin hannuna ya saɓule. Duk da haka raina na can. Ina ne za a je a wuni a dawo? Wane takalmi, ruwa nawa? Ƙanena shekararsa 14, shi ya fi damuna.

Wani dattijo daga Birni:
Wa alaikumus salam ɗana. A kan duwatsun nan muka girma. Kafin ka ɗora ƙafa, tsaya ka dubi ta inda za ka sauko, don mai hawa yana ganin matakinsa, mai sauka kuwa lalube yake. Inda ya yi tsaye ka juya ka fuskanci dutsen, hannu biyu da ƙafa ɗaya a kafe kafin ka motsa ɗayar. Kada yaron ya tsaya daidai ƙarƙashinka, tsakuwa na iya suɓuto masa. Ku fita bayan asuba, hantsi na ɗagawa ku sauko. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, dutsen ko taɓuwa ba ya yi. Idan ƙauye kuka nufa, ku fara gaida mai gari.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Malam, don Allah kada ku cusa hannu cikin tsagar dutse ko ƙarƙashinsa, nan kububuwa da kunama ke fakewa. In maciji ya sari mutum, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe ko agogo, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ruwa lita 3 kowane mutum, da dabino ko gyaɗa. Yaron ya riƙa kurɓa tun bai ji ƙishi ba.

Wani ɗan Gure:
Yaya, in duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai kake so, sai Kutus, arewa da Gure wajen Kelle, akwai kwazazzabai tsakaninsu. Amma daga Zinder zuwa Gure kaɗai ya haura kilomita 150, ba tafiyar wuni ba ce, kuma ba a shiga sai da ɗan gari. Da damina kada ka bi cikin kwazazzabo ko da sama tana garau, ruwan da aka yi a nesa yakan taho farat ɗaya. Ka fara da na hanyar Mirriya tukuna. Kambas mai ƙasan roba da dogon wando, saboda ƙarangiya.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode duka, Allah ya saka da alheri. Kambas zan saya mana gobe. Lahadi in Allah ya kai mu hanyar Mirriya za mu bi, ƙarfe 10 muna ƙasa, kuma zan gaya wa mutanen gida inda muka nufa. Kutus sai Disamba, in na samu ɗan rakiya.